Yaƙin Amurka a Ƙofar Gidan Baba Marzuƙ

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da tarihi a wata sakandare a Misau, amma aikin farko da Makka ta ba ni shi ne ɗaukar kwalin dabino. Ba don a tausaya mini nake faɗa ba, ni na kai kaina. Wani dillali ne, Alhaji Ɗanjuma, mai farin haƙori da yawan rantsuwa, ya ce mini akwai makarantar da ke neman malamin Turanci ido rufe, har ya nuna mini hoton ginin a waya. Da na sauka sai wani ɗan Yaman ya tarye ni, ya dubi kafaɗuna, ya girgiza kai, ya ce da Larabci, "Wannan ne ƙaƙƙarfan da aka ce za a turo?" A nan na gane irin darasin da aka kawo ni in koyar. Na yi ta kiran Alhaji Ɗanjuma. Sau ɗaya ya ɗauka, ya ce, "Haba Malam Sa'idu, kana maƙwabtaka da Ɗakin Allah kana ƙorafi? Ka ji tsoron Allah mana." Daga ranar layinsa bai sake shiga ba.

Zangona na farko Nakkasa ce, unguwar baƙi da ke maƙale a jikin dutse. Mu bakwai ne a ɗaki ɗaya, kuma kafin ka kai ƙofar ɗakin sai ka hau matakalar da za ta sa ka tuba daga duk zunubin da ka sani. Da asuba in sauko in nufi kasuwar Zahir, inda siton dabinon yake, in yi ta sauke kaya daga mota har azahar. Hannun da ya saba da alli ya yi kanta. Makon farko ko cokali ba na iya riƙewa sosai, abokan ɗakina kuma suka raɗa mini Furofesa, ba don girmamawa ba.

Kewar matata Hadiza da yara ba sai na faɗa ba, wannan duk matafiyi ya san ta. Abin da ban taɓa zato ba shi ne zan yi kewar zagi. Ni Bafillace ne, kodayake Fillancina bai wuce gaisuwa ba, saniya kuma sai dai in gani a kasuwa. A wajenmu Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, a faɗa a kasuwa, a faɗa a gidan suna, yaro ya faɗa wa dattijo mai furfura, babu mai fushi. Idan ma Babarbare ya ga Bafillace ya gaishe shi da ladabi ya wuce, to a bincika, akwai abin da ya haɗa su. Akwai wani tela a bakin layinmu, Modu, wanda kullum da safe sai ya ɗaga kai daga kan keke ya ce, "Bawana, ina za ka ba ka zo ka share mini shago ba?" Ni kuma in ba shi amsar da ta dace da shi. A Makka kuwa kowa "ya Hajji" yake ce mini, ko "ya Muhammad". Babu wanda ya san ni sanin da zai zage ni, abin kuma ya dame ni fiye da ciwon baya.

Ina cikin wata na biyar ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka zo suka shafa jan fenti a bangon gidanmu. Duk wanda ya zauna a Nakkasa ya san ma'anar wannan fenti: rusau na tafe. Abokan ɗakina kowa ya kama gabansa, ni kuwa ban san kowa ba.

Ranar Juma'a na je unguwar Hindawiyya wurin Hajiya Dije, wadda nake cin tuwo a gidanta duk mako. Haifaffiyar Makka ce, kakanninta ne suka zo daga ƙasar Kano a ƙafa, ita ko filin jirgin Kano ba ta taɓa gani ba, amma miyar kukarta sai ka rantse a Fagge aka kaɗa ta. Ta dube ni ta ce, "Esh fik, Malam, me ya same ka? Yau ko ƙarin miya ba ka nema ba."

Na gaya mata. Ta goge hannu ta ce, "Ɗayyib, shi ke nan. Akwai gurfa, wani ɗaki, a saman gidan Amm Marzuƙ, tun da ƙaramin ɗansa ya koma Jidda ba kowa a ciki. Ba ya son haya da gwauraye, amma bari in je da kaina. Kai dai ka riƙe bakinka, na ga kana da surutu."

Da na ji wannan gargaɗi da kunnen basira, da ban sami labarin da zan rubuta ba.

Baba Marzuƙ tsoho ne dogo, baƙi, ya tasam ma tamanin, kafinta ne a da kafin idonsa ya yi rauni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni ko ina salla a jam'i, ko ina shan taba, sannan ya miƙo mini makulli. Tun a wannan kallon na farko na ga abin da ke fuskarsa: dogayen tsage a kumatu biyu, da guda ɗaya da ya sauko daga goshi zuwa karan hanci. Tsufa ya tattare su, gemu ya rufe rabi, amma ɗan Misau ba ya ɓatan tsagen Barebari. Harshena ya yi ƙaiƙayi, na danne. Baƙo ne ni, jakata ma ban ajiye ba. Daga baya na taɓa tambayarsa, "Baba, daga Barno ne?" Ya ce, "Haka fuskar ta ce." Na ɗauka barkwanci ne irin na tsofaffi, na yi dariya.

Gidan nan shi ne wuri na farko a Makka da na ji ni mutum ne, ba ɗan dako ba. Idan aka yi girki sai a aiko mini sama. Babban ɗansa Halid, direban tasi, ƙato mai ƙarancin magana wanda Hausarsa ke ɗingishi, yakan ɗauke mu ni da Baba zuwa Harami ranar Juma'a. Da na yi zazzaɓi, tsohon nan da gwiwarsa mai ciwo ya hau bene ya kawo mini shurba, wato romo, ya zauna a bakin katifa har na shanye. Mahaifina ya rasu tun ina aji uku na sakandare, kuma ban san ina neman uba ba sai da na same shi a Hindawiyya.

A wannan tsakanin ne yaƙin Amurka ya shigo rayuwata. Wani malamin jami'a, Duktur muke ce masa, yakan zo sitonmu sayen dabino. Ran nan ya ji ina yi wa wasu alhazan Malesiya ciniki da Turanci, ya ja ni gefe ya tambayi asalina. Bayan kwana biyu ya dawo da wani littafi mai kaurin bulo, tarihin yaƙin basasar Amurka, ya ce in riƙa juya masa shi zuwa Larabci babi babi, zai koyar da shi. Larabcina na Islamiyya ne da difloma, amma da ƙamus a waya na ce bismilla. Bari in gama da Duktur tun yanzu, tunda ba shi ne labarin ba: da aka buga wa ɗalibai takardun, sunansa ne kaɗai a bango, ni kuwa na tashi da kwalbar turare da addu'a. Na ji haushi kwana biyu, na shafa turaren na tafi masallaci.

Da rana ɗakin sama tanda ne, don haka bayan la'asar nakan sauko da littafin ƙofar gida, inda Baba ke zama a kan dakali da butar shayi. Kwana uku yana kallona ina rubutu, a na huɗu ya kasa haƙuri.

"Ya waladi, ɗana, wane littafi ne wannan da ya hana ka shan shayi? Hadisi ne?"

"A'a Baba, yaƙi ne."

"Na Sahabbai?"

"Na Amurkawa, su ya su."

"Su ma suna yi a gida? Na zaci sai a garin mutane. To ba ni labari."

Abin da ya kamata a sani game da malamin makaranta shi ne, idan ya yi wata da watanni bai sami aji ba, duk wanda ya ce masa "ba ni labari" ya jawo wa kansa. Na gyara zama. Na ce ƙasa ɗaya ce, amma kudancinta ya dogara da noman auduga, masu noman kuma bayi ne, jikokin mutanen da aka kwaso daga ƙasashenmu a jiragen ruwa. Arewa ta daina bauta, kuma da yawa a can ba sa so ta yaɗu zuwa sababbin yankuna. Da aka zaɓi shugaban da kudu ba ta yarda da shi ba, sai jihohinta suka fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya, suka ce sun kafa tasu ƙasar. Shekara huɗu aka yi ana zubar da jini, wa da ƙane a ɓangare biyu, kamar dai yadda manyanmu ke ba da labarin namu yaƙin basasar.

Baba ya ajiye kofi. "Yani Turawa suka kashe junansu saboda bayi?"

"To, da farko arewa cewa ta yi don kada ƙasa ta rabe take yaƙi. 'Yanta bayin daga baya ya shigo tsakiya."

"Daga baya," in ji shi. Ya gyaɗa kai. "Ci gaba."

Haka muka kafa aji. Kullum in fassara wa Duktur da Larabci a takarda, in fassara wa Baba da Hausa da baki. Sai dai ɗalibin nan nawa yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Ni ina son fagen fama, ina son in zana kogi da tudu a ƙasa da tsinke in nuna ta inda runduna ta zagayo. Shi kuwa ko a jikinsa. Ina tsakiyar gwabzawa sai ya katse ni: "Su bayin me suke ci?" Ko kuma, "Idan an sayar da uwa, wa ke riƙe yaron?" Ko, "Ana canza musu suna?" In ce i, ana ba su sunan da ubangida ya ga dama. Ya ce, "Ɗayyib." Da na ba shi labarin waɗanda suka gudu daga gonaki suka shiga sansanin sojan arewa, har aka ba wasu bindiga suka yi yaƙi, sai ya tambaye ni ko akwai waɗanda suka ƙi gudu. Na ce da yawa. Ya ce, "Ba tsoro ba ne kawai. Wani bai san inda zai nufa ba." Na ce a raina, ji tsoho zai koya mini darasina.

Babin da ya fi kama shi na bayan yaƙi ne. An gama, kudu ta sha kashi, an harbe shugaban da ya ja ragamar arewa, an haramta bauta. Sai waɗanda aka 'yanta suka shiga neman danginsu. Wasu suka yi ta tafiya a ƙafa gari gari, wasu suka riƙa ba da cigiya a jaridu: mai neman uwarsa da aka sayar tun yana ƙarami, mai neman 'ya'yanta, kowa na faɗin suna da garin da aka raba su.

"Ana samunsu?" in ji Baba.

"Wasu an samu. Yawanci dai shiru."

"Amma sun san sunan da za su rubuta."

"Sun sani."

Washegari ya ce in maimaita masa wannan babin, jibi ma haka. A karo na uku na rufe littafin na ce, "Baba, mu dai Allah mun gode, wannan duk ya zama tarihi, sai a takarda." Ya dube ni ya ce, "Sha shayinka, ya huce." Na san mai karatu ya riga ya hango abin da ke gabana. Ni da nake zaune kamu ɗaya da mutumin, da digirina na tarihi, ban hango komai ba.

Aka shiga watan Muharram, wanda muke kira cika-ciki. A gida ranar Ashura rana ce ta abokan wasa, ranar da ake farautar juna ana neman shara, gari ya cika da tsokana da dariya. A Makka azumi ne kawai. Tun safe nake jin kewa ta tokare mini ƙirji, ina ɗaukar kwali ina tuna yadda layinmu ke kasancewa a irin wannan rana. Da yamma Baba ya aiko a ce in sauko buɗa-baki. Falon maza ya cika: Halid da ƙannensa biyu, da surukan gidan, biyu daga ciki Larabawa, da wasu dattawan unguwa. Baba ya matsa ya zaunar da ni a damansa, ya ce wa baƙin, "Wannan ɗana ne, malami." Daɗi ya rufe ni. Na ce a raina, wata takwas ke nan, yanzu kam na zama ɗan gida, lokaci ya yi da zan ba tsohon nan haƙƙinsa na zumunci.

Aka kira salla, muka sa dabino a baki. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To Baba, yau fa ranarmu ce. Wata takwas ina kallon tsagen nan ina haƙuri. Kai Babarbare, ni Bafillace, ka san dai kai bawana ne tun kaka da kakanni. Maza a kawo mini sharata!"

Dattawan suka sunkuyar da kai. Na zaci dariya suke ɓoyewa. Ɗaya daga cikin surukan ya dubi Halid ya ce, "Esh gal?" wato me ya ce. Ni kuwa da fassara ta zame mini jiki, ban jira kowa ba, na juya masa maganar da Larabci tsaf, kalma bayan kalma, ina murmushi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Baba yana riƙe da dabino na biyu, ya mayar da shi faranti a hankali, ya dafa bango ya tashi, ya shige cikin gida. Halid ya miƙe. Wani dattijo ya riƙe masa hannu. Halid ya nuna mini ƙofa ya ce, "Barra," wato waje. Na fara cewa wasa ne, al'ada ce. Ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Kai ci abinci namu, kai zagi abuya. Juma'a, ba na ganin ka a gida nan." Ko magariba a kan titi na yi ta, a bayan wasu 'yan Bangaladash.

Da safe kafin in tafi aiki na buga ƙofar Hajiya Dije. Labari ya riga ni isa. Ba ta ce in zauna ba.

"Wallahi Malam ka yi aibu babba. Amma da laifina, da na buɗe maka zancen tun farko. Duk hara, unguwar nan kaf, an sani, shi ya sa ba a faɗa." Ta rage murya. "Amm Marzuƙ sayar da shi aka yi. A nan garin. Wani ne ya taho da shi daga ƙasarku yana ɗan shekara shida ko bakwai, a kan za a kai shi hajji. Guzuri ya ƙare a hanya, ya sayar da yaron ya ƙarasa ibadarsa. Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba a zamanin. Marzuƙ ɗin ma ba sunansa ba ne, sunan da mai gidan ya sa masa ne. Sai da hukuma ta haramta bauta ya fito, ya zama saurayi, mutanenmu suka karɓe shi, a wurinsu ya koyi Hausa. Yaransa kuma tun suna makaranta da wannan kalmar ake zaginsu. Kai kuma ka tashi gaban surukai, da Larabci."

Na jingina da bango. Wata uku ina koya wa mutumin nan abin da ake nufi da bauta, ina gyara masa fahimta, har da ce masa ya zama tarihi. Kunyar da na ji ba ta da misali, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne sanin cewa na rasa shi. Wurin kwana ba shi ne damuwata ba, ɗan Yaman ɗin ma ya yarda in riƙa shimfiɗa a sito. Dakalin nan ne da tsohon da ke kansa ba ni da madadinsu a duk faɗin ƙasar.

Kwana uku Baba bai fito ba. Bayan la'asar in leƙo daga sama in ga dakali babu kowa. Na rubuta takardar ban haƙuri har sau uku ina yagawa, don na tuna idonsa ba ya karatu, sai dai Halid ya karanta masa. Na roƙi Hajiya Dije ta shiga tsakani, ta ce, "Bar shi tukuna, ba ya magana da kowa." Duk da haka ba a fasa aiko mini abinci sama ba, ni kuma na kasa ci.

Ranar Juma'a da hantsi na ɗaure jakata na sauko. Halid na tsaye jikin tasinsa ya harɗe hannu. Baba kuwa yana kan dakali, a lokacin da ba ya zama, babu butar shayi. Dattawa biyu daga cikin waɗanda suka ga abin suna gefe. Na ajiye jaka na durƙusa, na miƙa makulli.

"Baba, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ka yafe mini."

Bai karɓi makullin ba. Ya ce, "Na san ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka faɗa ba. Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Da ka faɗa da Larabci, muryar wani na ji, wanda ya daɗe a kabari. Ita ta kwantar da ni. Kwana biyu ina jin ta. A na uku sai na ce, to ai yaron nan da Hausa ya fara faɗa, me ya ce? Cewa ya yi kai Babarbare." Ya shafa kumatunsa. "Mutanen littafinka an yi musu yaƙi shekara huɗu. Ni ba a harba ko bindiga ɗaya ba. Shela aka yi, mai gidan ya ce halas, shi ke nan, kana iya tafiya. Na fito ƙofa na tsaya, ban san ko dama zan yi ko hagu ba. Barbarcin ya gudu, sunan uwata ban riƙe ba, sunan garin ma haka. Ko jarida aka ba ni kyauta ba ni da abin rubutawa. Fuskar nan ce kaɗai takardata."

Ya nuna dattawan nan biyu da haɓa. "Waɗannan da iyayensu sun yi mini komai. Sun ba ni sana'a, sun ba ni mata. Wannan na dama, Alhaji Bello, Bafillace ne kamarka. Shekara sittin muna salla sahu ɗaya. Ina zaune zai zo ya tarar da Barebarin hara, su kama, wannan ya ce bawana, wancan ya ce bawana, har su yi hawaye don dariya. Idan ya juyo kaina sai ya gyara murya ya ce, ina kwana Amm Marzuƙ, ya jiki." Alhaji Bello ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu. "Ban ce ka yi laifi ba. Tausayina kake ji. Amma duk ranar da ka gaishe ni haka, sai na tuna."

Ya juya wajen Halid ya yi masa magana da Larabci, a hankali, cewa a ƙasar kakanninsa mutum ba ya faɗa wa wani wannan kalma sai ya ɗauke shi ɗa kamarsa, tsara, wanda zai iya ramawa. Halid ya ce, "Abuya, ko da wasa ne, ba na so." Baba ya ce, "Kai ba da kai ake yi ba. Naka daban, na sani. Wannan nawa ne." Halid ya kau da kai, kuma gaskiya har na bar Makka bai sake sakin jiki da ni kamar da ba. Ban ga laifinsa ba.

Sai Baba ya gyara zama, ya tura hularsa gaba, ya dube ni da wani irin ido da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Kai kuma, siririn banza, ɗan bin jelar saniya. Ku da za a ba ku tuwo ku ce kun ƙoshi, a juya baya ku lashe ƙwarya. Wa ya ba ka izinin ɗaure kaya? A ina ka taɓa jin bawa ya bar gida ubangidansa bai sallame shi ba? Ɗauki jakar nan ka mayar sama, ka sauko ka dafa mini shayi!"

Maganar ta fito masa a jere, babu tuntuɓe, kamar karatun da aka daɗe da haddacewa ba a sami mai saurare ba. Ya tsaya yana jira. Dattawan suna kallona, Halid yana kallona. Na gane abin da ake jira. Wasan nan ba a yin sa da baki ɗaya. Idan na ce "to Baba" na ɗauki jaka cikin ladabi, na zama Alhaji Bello na biyu. Kalmar da na yi rantsuwa a raina ba zan sake furtawa ba har in mutu, ita yake nema, yanzu da na san nauyinta.

 Na ce ƙasa-ƙasa, "Ka ji Babarbare da ƙarfin hali. Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa?"

Tsohon nan ya kwashe da dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin tsagen kumatunsa yana sharewa da gefen rawani. Da ya lafa sai ya karkato kunne wajena, kunnen da ke jin motsin kyanwa a saman bene.

"Me ka ce? Ɗaga murya, ban ji ba."

Na ɗaga murya na sake faɗa.